Daga Illo zuwa Kwalejin Katsina: Yadda Karatu Ya Rabu da Motsa Jiki

A ƙarshen ƙarni na 18, lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake yawon wa'azi tare da ƙanensa Abdullahi da almajiransu, tafiyar ta kai su ƙasar Kabi, har suka ƙetare Kogin Kwara suka isa Illo. Illo a yau tana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Abin da ba a cika lura da shi ba a labarin irin waɗannan tafiye-tafiye shi ne halin da ake karatu a cikinsu. Almajirin wancan zamani yana ɗaukar darasi ne tsakanin zango da zango, bayan ya yini yana taka sayyada ko yana bisa dabba. Haka tsangaya ta ci gaba da kasancewa har zuwa zamanin kakanninmu: a yi karatu da asuba, a tafi gona da damina, a ɗebo ruwa, a yo itacen da za a hura a yi karatun dare. Babu wanda ya kira wannan motsa jiki, domin rayuwa ce ta tilasta shi.

Makarantar boko ta zo da abin da tsangaya ba ta sani ba, wato benci da tebur, da zaman sa'o'i a wuri ɗaya. Turawan da suka kawo ta sun san illar hakan, saboda haka suka haɗa ta da filin wasa. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922 domin horar da malaman makaranta, an tsara ta ne bisa salon makarantun kwana na 'ya'yan manya a Ingila, inda ake ɗaukar wasa a matsayin rabin tarbiyya. Ɗalibai suna yin kurket da ƙwallon ƙafa, da kuma wani wasa da ake kira Fives, wanda mutum biyu ke karawa da biyu, suna buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango uku.

Wannan wasa yana da alaƙa da ƙasar Kebbi. Asalinsa daga makarantar Eton ne, inda yara suka fara buga shi a jikin bangon majami'arsu, kuma ana danganta shigowarsa Arewa a shekarun 1920 ga Hogben, wani malamin makaranta Bature da ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina. Da yake bangayen farko na ƙasa ne, ƙwallon Ingila mai tauri ta riƙa ɓantare su, sai aka koma amfani da ƙwallon tanis, kuma da ita ake yi har yau. Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a Katsina daga 1926 zuwa 1931, ya ƙware a wasan, bai kuma daina shi ba bayan ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Gasar Kofin Sardauna da ake yi a wannan wasa sunansa ta ci. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma ta wannan kwaleji ya bi, kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, inda daga bisani ta zama Kwalejin Barewa.

Bai kamata mu yi wa wannan tarihi kwalliyar da ba tasa ba. Turawan mulkin mallaka ba don kaifin ƙwaƙwalwa suka dage kan wasa ba. Burinsu shi ne su samar da ma'aikatan En'e masu ladabi, masu bin doka, waɗanda suka saba da umarnin kyaftin da hukuncin alƙalin wasa. Ɗaliban kuma 'yan kaɗan ne, maza zalla, an tsamo su daga larduna, akasari daga gidajen da ke kusa da sarauta. Wasannin da yaran suka taso da su, irin su kokawa da langa, ba su sami martabar da aka bai wa kurket ba. Duk da haka, akwai abu guda da tsarin ya dace da shi: ya sanya motsa jiki a cikin jadawalin yini, yadda ba a bar shi ga ganin damar ɗalibi ba.

Hujjar kimiyya ta zo ne shekaru da yawa bayan haka. A 1999, masu bincike a Cibiyar Salk da ke Amurka, cikinsu har da Henriette van Praag da Fred Gage, sun nuna cewa ɓerayen da aka bai wa damar gudu suna samar da sababbin ƙwayoyin halitta a hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa da ke da babban aiki wajen adana sabon abin da aka koya. A 2011, Kirk Erickson da abokan aikinsa suka bi dattawa 120 na tsawon shekara guda, suka tarar cewa waɗanda suka lizimci tafiya da sauri, hifokamfus ɗinsu ya ƙaru da kimanin kashi 2 cikin ɗari. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne motsi yana ƙara gudun jini zuwa ƙwaƙwalwa, yana kuma ƙara wani sinadari mai suna BDNF da ke taimaka wa ƙwayoyin jijiya su girma su ƙulla alaƙa da juna.

Sai dai a yi hattara da wuce gona da iri. Ɓera ba ɗalibi ba ne, dattijo ma haka, kuma gudu ba ya maye gurbin karatu. Abin da ya fi tabbata ga matashi ɗan jami'a shi ne motsa jiki yana gyara barci, yana rage damuwa da ƙuncin rai, yana kuma ƙara natsuwa na ɗan lokaci bayan an gama shi. Duk wanda ya taɓa kwana a aji yana haddar dare, ya shiga ɗakin jarrabawa kansa na juyawa, ya san darajar waɗannan abubuwa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato rabin sa'a sau biyar.

Yanzu mu koma Bagudo. Yaron da ya tashi a Illo ko Lolo ko Ka'oje ya san noman shinkafa a fadama, ya san tuƙa kwalekwale ko bin shanu, wataƙila ma da ƙafa yake zuwa makarantar sakandare. Ranar da ya sami gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko jami'ar jiha da ke Aliero, ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ranar ce wannan motsi yake yankewa. Daga ɗaki sai kan babur, daga babur sai benci, daga benci sai waya a hannu. Shi da iyayensa sukan ɗauki hakan a matsayin alamar ci gaba, domin hutun jiki yana cikin abin da ake sa ran boko zai saya wa mutum. Gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wadda aka fara a Ibadan a 1966, tana ɗaukar gwanaye ne kawai, sauran dubban ɗalibai kuwa 'yan kallo ne. Ɗaliba mace ta fi kowa asara, tunda da wuya ta sami keɓantaccen wurin da za ta motsa ba tare da idon jama'a ba.

Darasin tarihin nan na masu tsara makarantu ne kafin ya zama na ɗalibai. A tsangaya larura ce ta haɗa karatu da motsi, a Katsina kuwa doka ce. Yau larurar ta ragu, dokar ma ta kau, an bar matashi da nasihar baki. Gyaran bai fi ƙarfinmu ba: sa'a guda da yamma wadda ba a sa lacca a cikinta, fili mai katanga domin mata, hanyar ƙafa mai inuwar darbejiya tsakanin ɗakunan kwana da azuzuwa, da gurbi ga kokawa da langa kusa da ƙwallon ƙafa. Mutanen da suka fara buga ƙwallo a Birnin Kebbi kusan shekara ɗari da suka wuce, bango uku na ƙasa kawai suka gina.