Patrick Collison: attajirin da ya gina dukiyarsa a kan ladan biyan kuɗi ta intanet

Patrick Collison ɗan kasuwa ne ɗan ƙasar Ayalan, kuma shi ne shugaban Stripe, kamfanin da ke ba 'yan kasuwa hanyar karɓar kuɗin ciniki ta intanet. An haife shi ranar 9 ga Satumba, 1988, ya kuma tashi a ƙauyen Dromineer da ke gundumar Tipperary.

Farkon rayuwa

Tun yana yaro ya koyi rubuta manhajar kwamfuta. A 2005, yana ɗan shekara 16, ya lashe gasar matasan masana kimiyya ta ƙasarsa. Shi da ƙanensa John suka kafa wani ƙaramin kamfani mai suna Auctomatic, suka sayar da shi a 2008 a kan dala miliyan 5. Patrick ya shiga jami'ar MIT a Amurka, amma bai kammala ba.

Kafa Stripe

A 2010 'yan'uwan biyu suka kafa Stripe. A lokacin, mai son karɓar kuɗi da kati a shafinsa sai ya yi makonni yana zirga-zirga tsakanin banki da masu shiga tsakani. Stripe ya taƙaita wannan wahala: mai shafi ya liƙa 'yan layukan manhaja kawai, ya fara karɓar kuɗi. Elon Musk da Peter Thiel suna cikin waɗanda suka fara zuba jari a kamfanin.

Ribar kamfanin daga lada take zuwa. A Amurka, farashinsa na yau da kullum kashi 2.9 cikin ɗari ne na kowane ciniki, da santi 30 a kai, kuma wani ɓangare na wannan kuɗi yana tafiya ga bankuna da kamfanonin kati. Ladan kaɗan ne, amma yawan cinikin ne ke tara shi: a 2024 kuɗin da ya bi ta Stripe ya kai dala tiriliyan 1.4.

Dukiyarsa

Mafi yawan arzikin Collison hannun jarinsa ne a Stripe, ba tsabar kuɗi ba. Ya shiga sahun masu biliyan a 2016, lokacin da aka ƙiyasta darajar kamfanin a kan dala biliyan 9.2. A 2021 darajar ta haura zuwa biliyan 95, a 2023 ta faɗo zuwa biliyan 50, sannan ta koma biliyan 91.5 a farkon 2025. Duk hawa da saukar nan, dukiyarsa na biye da ita.

Alaƙa da Afirka

A Oktoba 2020 Stripe ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi da Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a Legas, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya haura dala miliyan 200. Paystack yana aiki a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen nahiyar. Don haka ɗan kasuwar Kano ko Kumasi da ke karɓar kuɗi ta wannan hanya yana hulɗa da harkar Collison, ko da bai taɓa jin sunansa ba.