Rile da Muryar Ladan a Kankiya da Kusada

Kafin amfilifaya ta shigo masallatan Kankiya, muryar ladan ba ta wuce inda numfashinsa ya kai ta. Sauti ta waya ya iso Kano a 1944, lokacin da Turawa suka kafa rediyo mai waya, akwati a jikin bango wanda ba a sauya masa tasha. Garuruwanmu na kan hanyar Kano zuwa Katsina sai da rediyo mai batir ta yaɗu suka samu rabonsu. BBC ta fara Hausa a 1957, Rediyon Kaduna ta biyo a 1962. Nan sana'ar gyara ta samu gindin zama: teburi a bakin titi, ƙarfen soda a kan garwashi, dalma, da tsohon buroshi.

Maigidana a wannan sana'a da rediyo ya fara, ya wuce kaset, sannan amfilifayoyin Ahuja da TOA suka cika masa shago, na masallatai da na masu wa'azi da na 'yan siyasa. Na Kusada a babur ake kawo su, an ɗaure da roba, sun sha ƙurar hanya. Ƙorafin kusan ɗaya ne: "Malam, tana magana tana ɗaukewa." Sau da yawa ba lasifikar ba ce, ba makirfo ba ne. Wani ɗan abu ne da bai kai ɗan yatsa ba, wanda muke kira rile.

Rile ya girmi rediyo nesa ba kusa ba. Asalinsa na wayar tangarahu ne, kuma Joseph Henry na Amurka yana cikin waɗanda suka fara gwada shi wajen 1835. Aikinsa bai sauya ba: wuta ta shiga koyil, koyil ya zama maganaɗisu, ya jawo ɗan ƙarfe ya haɗa hanya. Ƙas ɗin da ake ji daƙiƙu kaɗan bayan an kunna babbar amfilifaya, rile ne ke haɗa lasifika bayan wuta ta daidaita.

Inda na ga gwanintar mutanen da shi ne wajen zaɓen rile. Rile na lasifika daban, na sigina daban. Na lasifika bakinsa azurfa ne, wuta mai ƙarfi ke bi ta kansa, tartsatsinta ma yana wanke masa dauɗa. Abin da ke fitowa daga makirfo kuwa 'yan milivolt ne, ba shi da ƙarfin huda tsatsar da ke hawa azurfa. Saboda haka na sigina sai mai bakin zinare, rufaffe ruf, irin na Omron ko Takamisawa, wanda ƙurar hunturu da laimar damina ba sa shiga. Idan kuma aka ɗora wa mai zinaren nauyin lasifika, zinaren ya ƙone, an yi asararsa. Maigidana bai taɓa riƙe takardar bayanin kamfani ba, amma yakan cire irin wannan rile daga mataccen kaya ya adana a gwangwanin madara, ya ce, "Yaro, wannan ba a ba shi aikin ƙarfi."

Haɗawar ma tana da ƙa'ida. Koyil mai volt 12 muka fi so, domin masallatan ƙauye da batirin mota suke aiki. Dole a gitta diyod a kan koyil, a juye, in ba haka ba wutar da ke dawowa idan an kashe takan kashe taransistar da ke tuƙa shi, lasifika kuma ta yi tas a kunnen jama'a. Wayar koyil ba ta kwanciya kusa da wayar makirfo, kuma ba a haɗa musu hanyar ƙasa ɗaya, in ba haka ba sai gunji ya shiga.

Abin da ke damuna yau shi ne an koma sauya allon amfilifaya gaba ɗaya. Kaya sun yi arha daga Sin, ana sayo su a Sabon Gari a Kano, yaro ya cire allo ya maƙala sabo bai san abin da ya mutu ba. Wani ma rilen mota yake sakawa a hanyar makirfo, don shi ne a kusa. Ranar farko murya fes. Kafin hunturu ya fita ta fara shaƙewa, kwamitin masallaci ya sake bin gida gida neman kuɗin sabuwar amfilifaya, alhali tsohuwar rile ɗaya kawai take buƙata.