2.3 Ali Farka Ture da Asalin Salonsa na Kaɗa Jita

Tun lokacin da fayafayan Ali Farka Ture suka shiga kasuwannin Turai, 'yan jaridar can suka laƙaba masa sunan John Lee Hooker na Afirka, wato suna nufin kiɗansa kwaikwayo ne na kiɗan buluz na baƙaƙen fatar Amurka. Wannan sashe zai bi tarihin makaɗin domin a auna wannan da'awa, kasancewar idan ta tabbata, to fasahar da ake yaba masa aro ce kawai.

An haifi Ali a shekarar 1939 a ƙauyen Kanau da ke bakin kogin Neja, a yankin Tambutu ta ƙasar Mali, ya kuma tashi a garin Niyafunke. Shi ne ɗa na goma a wurin mahaifiyarsa, kuma shi kaɗai ya rayu daga cikinsu, shi ya sa aka yi masa laƙabi da Farka, wato jaki, saboda juriya. Gidansu ba gidan makaɗa ba ne. A wannan yanki, kamar yadda yake a ƙasar Hausa, kiɗa sana'a ce ta gado, kuma ba a son ɗan babban gida ya shige ta. Duk da haka, yana ɗan shekara 12 ya haɗa wa kansa gurkel, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake kaɗawa da yatsa, kusan irin kuntigi. Daga baya ya ƙware a njarka, wadda ita ma tsirkiya ɗaya gare ta, amma gogawa ake yi kamar kukuma. Waɗannan kayan kiɗa su ake amfani da su a wasan iskokin ruwa na Songai, wanda ya yi kama da bori ta fuskoki da dama.

A shekarar 1956 ne ya ga Keita Fodeba na ƙasar Gini yana kaɗa jita, abin ya shiga ransa. Ba shi da tasa, sai ya riƙa aro. Bai mallaki jita ba sai a 1968, lokacin da ya je Sofiya ta ƙasar Bulgeriya cikin tawagar makaɗan Mali. A wajajen wannan lokaci ne kuma ya fara jin fayafayan Hooker a Bamako. Ke nan ya shafe fiye da shekara goma yana kaɗa jita kafin wannan kiɗa na Amurka ya iso kunnensa. Wannan kaɗai ya isa ya raunana batun kwaikwayo.

Hujjar da ta fi wannan ƙarfi tana cikin hannunsa ne. Ali ba ya share tsirkiyoyi shida gaba ɗaya kamar yadda masu raka waƙa da jita suka saba yi. Yatsu biyu yake aiki da su, babban yatsa da manuni. Babban yatsa yana tsayawa kan tsirkiyoyi masu kauri, yana maimaita amo ɗaya ko biyu ba ƙaƙƙautawa, shi kuwa manuni yana fizgar sirara yana fitar da karin waƙar. Hannun hagu shi ke yin ado: ya danna tsirkiya da sauri, ya saki, ya ja yatsa a kanta, har amon ya riƙa karkarwa irin na njarka. Mai sauraro da bai gani da ido ba zai ɗauka mutum biyu ne ke kiɗan. Haka kuma karin nasa a kan amo biyar yake tafiya, kuma sau da yawa muryarsa da jitar tare suke hawa, tare suke sauka, tamkar yadda mai goge ke bin muryar mawaƙi. Duk wanda ya saba jin gurmi ko molo ba zai ji wannan tsari baƙo ba. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko aikin tsirkiya ɗaya ya shimfiɗa shi a kan shida, kuma galibi ba ya bukatar rakiyar komai sai ƙwarya da ake ƙwanƙwasawa.

Ana jin wannan a sarari cikin kiɗe-kiɗen da ya ɗauka a gidan Rediyon Mali, inda ya yi aiki daga 1970 zuwa 1980, waɗanda wani kamfani ya riƙa bugawa a faifai a birnin Faris. Da harsunan yankinsa ya yi waƙoƙin, musamman Songai da Fulatanci da harshen Buzaye.

Sai dai kuma ba daidai ba ne a ce buluz bai taɓa shi ba ko kaɗan. Ya saurari Hooker, ya kuma yaba masa, kuma a kiɗa irin su "Amandrai" tasirin ba ya ɓuya. Amma shi Ali a nasa ganin abin gida ne ya ji ya dawo daga ƙetare, tunda kakannin masu buluz daga Afirka ta Yamma aka kwashe su a zamanin cinikin bayi. Wannan ra'ayi yana da ƙamshin gaskiya, ko da yake buluz ya samu siffarsa ne a kudancin Amurka, cikin yanayin da ba irin na bakin Neja ba.

Ya fara wasa a Landan a 1987. Faifansa da Ry Cooder, *Talking Timbuktu* na 1994, ya samu lambar Grammy, haka ma *In the Heart of the Moon* na 2005 da ya yi da Toumani Diabate, makaɗin kora. Duk da wannan ɗaukaka, manomi yake kiran kansa, kuma ya zuba dukiyarsa a noman rani a Niyafunke, garin da aka zaɓe shi magajinsa a 2004. Ya rasu a Bamako cikin watan Maris na 2006 bayan fama da ciwon dajin ƙashi, faifansa *Savane* ya fito watanni kaɗan bayan rasuwar.