Farin waken da ya samo sunansa daga jirgin ruwa

Ƙaramin farin waken da Amurkawa ke kira waken sojan ruwa ba shi ne wanda ake nomawa a ƙasar Hausa ba. Asalinsa nahiyar Amurka ce, inda 'yan asalin ƙasar suka noma danginsa tun kafin zuwan Turawa. Sunan kuwa ya samo shi ne daga rundunar sojan ruwan Amurka, wadda ta mai da shi cimar dakarunta tun tsakiyar ƙarni na 19, saboda yana da araha, yana ƙosarwa, kuma yakan yi watanni cikin jirgi bai lalace ba.

Sai dai bushewar da ta sauƙaƙa ajiyarsa ita ce ta wahalar da dahuwarsa. Akan jiƙa shi ya kwana, sannan ya shafe sa'o'i a wuta kafin ya nuna. Tarihin girkinsa, saboda haka, tarihi ne na yadda mutane suka yi da wannan jinkiri.

Kiristocin Furitan na Boston, waɗanda ba sa girki ranar Lahadi, sun ci moriyarsa. Sukan zuba wake a tukunyar ƙasa ranar Asabar, su bar shi a tanderu, washegari su ci ba tare da hura wuta ba. Daga baya aka riƙa zaƙaƙa shi da baƙin ruwan rake mai kauri, wanda jiragen fatake ke kawowa daga gonakin Karibiyan, inda bayi 'yan Afirka ke aikin ƙarfi. Zaƙin abincin da Boston ke alfahari da shi yana da wannan ɗacin a bayansa.

A Washington, ɗakin cin abinci na Majalisar Dattawa ya fara dafa miyarsa kullum tun farkon ƙarni na 20, al'adar da ta ɗore har yau.

Masana'anta ce ta kawar da jiran. Kamfanin Heinz ya dafa waken cikin gwangwani da miyar tumatir, ya kuma fara sarrafa shi a Ingila a 1928. A Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta sanya shi cikin abincin da ba a iya rabuwa da shi. Yau Bature kan ɗumama shi cikin 'yan mintoci, alhali mafi yawan waken daga Arewacin Amurka ake shigo da shi. Jiƙon da dahuwar suna nan, ma'aikata ne suka ɗauke wa uwargida nauyinsu.