Wa Ke Jinyar Mai Taɓin Hankali a Azagor?

A Azagor, yankin makiyaya na gundumar Dakoro, jinyar mai taɓin hankali tun kaka da kakanni a hannun dangi take. Malam ya wanke rubutu daga allo a ba shi ya sha, ƴan bori su yi girka, uwa ko matar gida ta kwana tana gadinsa kada ya ɓace a daji. Maganin asibiti ya zo a makare, ya kuma zauna nesa: sashen masu taɓin hankali da ake kira Pavillon E yana babban asibitin Yamai, ɗaruruwan kilomita daga rijiyoyin Azagor. Da korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020 aka killace Yamai, wannan hanya mai tsawo ma ta toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce annobar ta kawo cikas ga kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a kashi 93 cikin ɗari na ƙasashe 130 da ta bincika.

Za a ce jinyar gida ita ce ta haifi mari da turu, kuma gaskiya ne. Amma iyali ba sa ɗaure ɗansu sai dabara ta ƙare musu, babu magani, babu mai leƙowa. Tun 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Dakta Lambo, ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa majinyaci na samun sauƙi a ƙauye tare da danginsa idan likita na zuwa. Makiyayi kuwa bin ruwa da ciyawa yake, don haka wajibi ne ma'aikacin lafiya ya same shi a mashaya ko ranar kasuwa, da maganinsa a jaka.