Layin 1992 da Taron Jos: Yadda Aka Fidda Gwani a Najeriya

Bayan sallar la'asar a Bracodi, matasanmu sun tambayi dattijonmu yadda jam'iyya ke fidda mutum guda cikin masu neman shugabancin ƙasa. Ya umarce mu da mu rubuta abin da muka ji a rediyo muna samari a Ajame da Tireshibil, da abin da fatake suka kawo mana daga gida.

A 1992 Janar Ibrahim Babangida ya bar wa Najeriya jam'iyyu biyu kacal, SDP da NRC. Zaɓen fidda gwani kuwa a fili aka yi shi: mutum ya shiga layin wanda yake so, a ƙirga kawuna. An ce hakan zai hana maguɗi. Sai dai ku duba halin talaka. Mai unguwa na kallonsa, surukinsa na kallonsa, haka ma wanda ke binsa bashin taki. Wanda ya tsaya a layi ba ra'ayinsa kaɗai ya ɗauko ba, ya ɗauko kunya da tsoro da alherin da aka taɓa yi masa.

Duk da haka abin mamaki ya faru. Shehu Musa 'Yar'aduwa, mutumin Katsina, ya yi gaba a SDP, har ya kayar da Lateef Jakande a Legas, jihar da Jakande ya yi wa gwamna. Shekaru ya yi yana kafa mutanensa mazaɓa-mazaɓa, Kudu da Arewa. Abokan takararsa suka yi kukan an yi amfani da kuɗi. A NRC kuma aka kasa rabewa tsakanin Adamu Ciroma da Umaru Shinkafi. A watan Nuwamba Babangida ya soke komai, ya haramta wa 'yan takara 23 sake tsayawa.

Sai aka zo da tsarin da ake kira Option A4, ana tacewa daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, sannan babban taro. A Jos, cikin Maris 1993, wakilan SDP suka ba Moshood Abiola na ɗaya a zagayen farko, Babagana Kingibe na biyu, Atiku Abubakar na uku. Atiku yaron 'Yar'aduwa ne a siyasa. Da ya janye, mutanen Tafida suka koma wajen Abiola, ya ci. A ganinmu nan ne gizo ke saƙar: wakili ba ya tambayar wa ya fi cancanta sai ya fara jin abin da ubangidansa ya ƙulla da dare. Mu da muka san harkar dillanci a kasuwar Ajame ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Da aka koma hannun jama'a ranar 12 ga Yuni, Abiola, Bayarabe, ya kayar da Bashir Tofa na NRC a Kano, garin Tofa. Aka soke wannan zaɓen ma. Kafin shekarar ta ƙare, ranar 7 ga Disamba, Houphouët-Boigny ya mutu a nan, Henri Konan Bédié ya gaje shi bisa tsarin mulki, babu layi babu taron wakilai. 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, Abiola ya bi shi a tsare a 1998. Allah Ya jiƙansu.