Daga kabu-kabu zuwa manhaja: tarihin sufurin gari ta bakin sunayensa

1. Gabatarwa

A wannan taƙaitacciyar maƙala muna so mu nuna cewa ana iya bin tarihin sufurin cikin gari ta sunayen da jama'a suka raɗa wa ababen hawa. Mun ɗauki Tawa a matsayin misali, muna kwatanta ta da Kano.

2. Kabu-kabu da adaidaita

Babur ɗin haya ya shigo Nijar ta garuruwan iyaka irin su Ƙonni, da sunansa kabu-kabu, kalmar da a Legas take nufin motar haya marar izini. Karyewar darajar sefa a 1994 ta ƙara wa mota da kayan gyaranta tsada. Daga baya babura masu rahusa na ƙasar Sin suka sauƙaƙa wa samari shiga sana'ar.

Adaidaita kuwa asalinta jimla ce. "A Daidaita Sahu" sunan shiri ne na gwamnatin Ibrahim Shekarau, wadda ta kawo kekuna masu ƙafa uku Kano a 2005 domin mata. Hana acaɓa a 2013 ya sa suka mamaye birnin. Jimlar ta gajarce ta koma suna, har ta haifi "ɗan adaidaita", ta kuma tsallako iyaka.

3. Manhaja da salula

Uber ya fara aiki a Legas a 2014. OPay ya kawo kiran adaidaita ta manhaja Kano a 2019, ya dakatar a 2020. Sunan kamfanin kawai ya shiga bakin mutane.

A Tawa, salula ta riga manhaja. Mutumin Tebaram da ya sauka tasha yakan kira ɗan kabu-kabunsa da lamba. Kwatance yake yi, "bayan masallaci", ba sunan titi ba. Ana ciniki, wani lokaci ana bashi. Ke nan abin da manhaja ke sayarwa, wato samun direba da amincewa da shi, sanayya ta riga ta bayar.

4. Kammalawa

Amma sanayya ba ta kowa ba ce. Baƙo, da sabon ɗalibin jami'a, da macen da dare ya yi wa, ba su da lambar kira. A ganinmu, in manhaja za ta samu gindin zama a Adar, ta wajensu za ta shigo. Alamar karɓuwarta ita ce ranar da aka raɗa mata suna da Hausa.